Madacin da Na Ɓoye

Mun tashi da asuba daga Magariya ranar Talata, mu uku da jaki ɗaya, kuma a cikinmu jakin ne kaɗai bai ɓata rai ba. Akwai gardin bariki, tsohon soji mutumin yamma, da bindiga a kafaɗa da gwangwanin jan fenti a hannu, yana lallaɓa shi kamar mai ɗauke da nono. Akwai mai jakin, wani manomi da aka tsinto a bakin kasuwa ba a tambaye shi ko yana da uzuri ba. Sai ni, mai sayar da sassaƙe, da jakata da ɗan gizagona. Ku da kuke ta zuwa rumfata kuna tambayar inda na shiga kwana goma sha biyu, ga labarin, in faɗe shi sau ɗaya in huta.

Kwana biyu kafin tafiyar aka aiko kirana biro, wato ofishin kumandan. Wani Nasara ne ya sauka daga Damagaram, ba kumandan ba, wai shi aikinsa itatuwa. An gaya masa duk kasuwar Magariya ba wanda ya kai ni sanin ɓawon itace, kuma har yau ban san wanda ya yi mini wannan mugun alheri ba. Ya buɗe akwati ya miƙo mini wani ɓawo da ya zo da shi daga ƙasarsu. Kaurinsa ya kai yatsa biyu amma ba shi da nauyi, ja-ja ne, hawa-hawa, in ka karce shi da farce sai ƙamshin ƙaro ya taso. Na lasa, ban ji ɗaci ba. Tafinta ya ce itacen dogo ne miƙaƙƙe, ganyensa kamar allurai, kuma ba ya zubar da shi ko da sanyi ya kashe komai. Na ce in don ƙamshi ne hano ya yi kusa da shi, amma hano tsirara yake tsayawa da rani. Nasaran ya rubuta, ya naɗe ɓawonsa cikin tsumma a hankali, na gane mutumin yana kewar gida.

Sannan aka faɗi aikin. In bi gardi gabas har Guci, in nuna masa duk babban itacen da ke riƙe ganyensa da rani, shi ya shafa masa ja daidai ƙirjin mutum, ni kuma in sassaƙo tafin hannu ɗaya na kowane iri in kawo. Wanda aka shafa wa ja, in ji tafinta, kada kowa ya taɓa shi. Nasaran ya yi magana mai tsawo, tafinta ya ba ni gajeruwa, ni kuma ban nemi ragowar ba, don a biro ba a tambaya.

Hanyar Dungas yashi ce, kuma bazara ta riga ta kama, kafin hantsi takalmi ya fara ƙona ƙafa. Daminar bara ba ta yi kirki ba, ɗan abin da aka samu kuma rabinsa gyaɗar dole ce, wadda ba a tuƙa tuwo da ita. Yaƙin Nasaru ya sa an rufe iyaka, goro ya zama labari, yadi ma haka. Mun wuce magidanta sanye da rigunan da faci ya fi asalin rigar yawa. A irin wannan lokaci itace mai ganye ba ya ɓuya. Daji duk ya yi toka-toka, kuka ta tsaya da rassa tsirara, sai ka hango tsamiya ɗaya can nesa ta yi duhu, kuma in ka isa sai ka tarar da awaki da mutane a ƙarƙashinta.

Gardi bai san tsamiya da kanya ba. A wurinsa itace iri biyu ne, mai inuwa da mai ƙaya. Na yi ƙoƙarin koya masa don aiki ya yi sauri. Na nuna masa yadda ɓawon tsamiya ke tsattsagewa ƙanana-ƙanana kamar dugadugin manomi, da yadda na kanya yake baƙi ƙirin amma in ka sara sai ka ga ja a ƙarƙashi, da tsagar aduwa mai tsawo mai zurfi wadda cikinta ke rawaya-rawaya. Ya saurara har azahar, sannan ya ce in bar shi da ɗan abin da ya sani, ni in nuna shi ya shafa. Dariya kuma ya yi da ya ga ina yi wa itace sallama kafin in sa gizago. Haka muka gada. Ana yin bisimilla, a ɗebi kaɗan ta gabas, kaɗan ta yamma, a kwaɓa laka a rufe wurin. Ba a zagaye itace da sara, don in raunin ya kewaye ya haɗu, itacen ya mutu ke nan ko da yana tsaye. Mai jaki ya yi ta gunaguni a kan ruwan shanmu da nake kwaɓa lakar da shi, kuma yana da gaskiya.

A kan gawo abin ya fara yi mini nauyi. Kun san halinsa, da rani yake ganye, da damina ya zubar. Na gaya wa gardi haka ina fatan ya ƙyale shi. Ya yi ɗan tunani ya ce Nasara rani ya ambata, yanzu kuwa rani ne. A wani ƙauye kafin Dungas ya shafa wa gawo fiye da goma, duk a gonakin mutane. Washegari da hantsi muna ɗaura kaya sai ga wani dattijo a kan ɗaya daga ciki yana saro reshe, shanunsa huɗu suna jira a ƙasa, daga nesa kana ƙirga haƙarƙarinsu. Gonarsa ce, kuma ubansa ne ya bar gawon ya girma. Gardi ya sauko da shi, ya ɗaure shi a jikin itacen daidai wurin jan, ya yi masa bulala a gaban iyalinsa. Daga baya ya ce mana in bai yi ba wani zai kai labari bariki, shi a ɗaure shi. Dattijon bai yi kuka ba. Ni ya riƙa kallo, ba gardi ba, don kowa ya ga yatsan da ya nuna itacen. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ranar ban iya cin komai ba.

Washegari muka shiga Dungas, ranar kasuwa. Tiyar gero ta kai kuɗin da bara ake sayen uku, masu sayarwar ma ba su kai yatsun hannu ba. Abin da ya cika kasuwar shi ne 'ya'yan anza da aka jiƙa kwana da kwanaki don ɗaci ya fita, da dafaffen ganyen jiga da na aduwa an barbaɗa masa ɗan ƙuli-ƙuli. Muka sayi na tamma ɗaya mu uku, da furar da kana hango gindin ƙwarya ta cikinta. Ina ci ina lura cewa ganyen nan daga irin itatuwan da aka aiko ni in nuna ya fito. Anza ce kaɗai ta tsira, don gajeruwa ce, ba ta da wurin da za a shafa mata ja.

Daga nan labari ya riga mu tafiya. Ƙauyen da muka isa sai mu tarar an riga an shirya mana. An hau tsamiya an sassare rassanta, an aske ta kamar kan jariri ranar suna, an share ganyen an kai wa awaki. Mai gari ya fito da fuska a sake ya ce ai tasu tsamiyar haka take, kowane rani sai ta zubar. Gardi ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa na ce ƙasa ta bambanta. Mai jaki ya juya baya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba. Abin dariya ne, amma ni na san tsamiyar da aka yi wa wannan aski a tsakiyar bazara ba lallai ta farfaɗo ba.

A kwana na biyar muka gangara wajen wata korama tsakanin Dungas da Guci. Hanci ne ya fara ba da labari, ƙamshin danshi, sannan goriba ta fara yawa, ga 'yan gonakin rake a ƙasa. Akwai wani ƙauye a kan tudu kafin a kai ruwan. Tun daga nesa na hango wani itace a cikinsa ya fi komai tsawo, kuma tun daga yadda kansa ya taru na san ko wane ne. Madaci ne. Shekara talatin ina sayar da sassaƙensa, busasshe ake kawo mini daga kudu, kuma tun da aka rufe iyaka ya yanke. Wannan kuwa mutum uku ba za su rungume shi ba, ya miƙe sambal tsawon mutum huɗu kafin reshen farko. Ɓawonsa toka-toka, yana ɓanɓarewa zagaye-zagaye ya bar ja a wurin. Ta gabas da ta yamma tabo ne a kan tabo, tsofaffin sun warke sun yi leɓe, sababbin an lulluɓe su da laka an shafe ta sumul. Kudu da arewa ba a taɓa sa musu ƙarfe ba. Na tsaya ina kallo da farin cikin da ban yi ba tun da muka baro gida, don wannan aikin wanda ya san aiki ne.

Gardi ya tafi gidan mai gari shan ruwa. Ina nan tsaye sai wata tsohuwa ta fito daga bayan itacen da 'yar wuƙa a ɗaure a bakin zanenta. Ita ce ungozomar garin, kuma daga baya na ji ita kaɗai ke ɗibar ɓawon ta raba wa kowa, ba wanda ke sa masa hannu sai ita.

"Kai ne mai nunawa?" ta ce.

"Ni ne, Inna."

"Ka san wannan?"

Na ce na san shi.

"To ka manta da shi, Malam. Zazzaɓi na zuwa da ruwan farko, kuma duk ƙauyukan nan nan suke zuwa. In ya sa jan nan, me zan ba mutane?"

Ta ce sun yi shawarar aske shi kamar yadda maƙwabta suka yi wa tsamiyarsu, ita ta hana. Ta kuma ce abin da Nasara ya gani tafiya yake yi, ko saniya ce, ko rumbu, ko saurayi. Ba sabon zance ta gaya mini ba. Mu ma haka muka saba, in an ji bariki na tafe sai a kora shanu daji, a binne hatsi, a tura samari bayan gari. Itace dai ba ya koruwa, ba ya binnuwa, sai dai a ɓoye shi da baki, bakin kuwa nawa ne. Na tuna idon dattijon nan mai shanu, na ce mata ta kwantar da hankalinta.

Gardi ya dawo yana buɗe gwangwani tun daga nesa, yana cewa wannan kam ba sai an nuna masa ba. Na ce ya dakata, wannan marke ne, yana zubarwa, sabon toho ne yake gani saboda danshin korama. Na tsinto masa busassun ganye daga ƙasa na cika masa hannu. Da ya tambayi tabon, na ce shanu ne ke goga ƙaho. Ya daɗe yana kallon sama.

"Mai magani, ka tabbata? Ni abin da ka ce shi zan yi."

Na ce na tabbata. Rantsuwa ce kaɗai ban yi ba. Ya rufe gwangwaninsa, muka je ya shafa wa tsamiyoyi biyu da kanya uku na bakin gari. Da la'asar tsohuwar ta aiko mana tuwon gero na gaske da miyar kuka, wanda rabona da irinsa tun gida, na ci har na lashe yatsu ina jin na yi abin kirki.

Washegari muka haye koramar. Ruwa iya gwiwa ne, amma laka ta riƙe jaki har sai da muka sauke kaya muka ɗaga shi, gardi a wuya, mu a gindi. Mai jaki ya ce an daɗe ana cewa za a yi gada a nan don motocin gyaɗa, amma shi sai ya gani.

Kwana huɗu muka yi a wajen Guci. Yashin can ya fi zurfi, rijiyoyi sun ja baya, mata na kwana a layin guga su dawo da tulu rabi. Kasuwar mako ta ci, amma dabbobi sun fi masu saye yawa, ana ba da akuya a kuɗin da ba zai cika ƙwarya da gero ba. Mun yi gardama a kan goriba, ni na ce ba ta da ɓawon da za a sassaƙa, gardi ya ce tana da ganye, ya shafa mata. Ƙarya kuwa in ka yi ta farko ta biyu ba ta da wuya. Duk babban itacen da na ga mutane na rayuwa a kansa sai in laƙaba masa wani suna, in ce yana zubarwa. Fentin ma ya fara ƙarewa, don haka gardi bai matsa ba. Na riƙa jin na samo dabara, har ina raina waɗanda suka aske tsamiyarsu.

A kwana na goma muka juyo. Tun kafin mu fita daga cikin goriba muka fara jin sara da hayaniya. Mutanen aikin dole ne a bakin koramar, sun kai talatin, wasu na ɗauko ƙasa a kwando, wasu na jera rassa, wani gardi na zaune a inuwa da bulala a cinya. An kafa ginshiƙai cikin laka, an shimfiɗa manyan gumagumai daga wannan gaɓa zuwa waccan. Mai jaki ya yi hamdala, ya ce yau dai ba ɗaga jaki.

Ni na fara hawa. Na yi taku uku na dubi ƙasa don kada in zame, sai na ga laka a jikin gungumen da nake takawa, an shafe ta sumul, ta bushe, da sawun yatsu a kai. Kusa da ita tsohon tabo mai leɓe, sai wani, sai wani. Na tsuguna na ɓanɓaro ɗan ɓawo na sa a baki, ko da yake ba na bukatar haka. Ɗacin ya kai har maƙogwaro. Na ɗaga kai na dubi tudu, babu komai a saman ƙauyen sai sarari.

Gardin aikin ya ba da labari ba tare da an matsa masa ba. Kwana biyu bayan wucewarmu suka iso. Umarnin da aka ba shi shi ne ya sari duk babban itacen da ba shi da ja, mai ja kuwa ko reshe kada ya taɓa. Ya zagaya ya ga tsamiyoyi da kanya duk an shafa musu, sai wannan ɗaya, dogo miƙaƙƙe, kamar don gada aka halicce shi. Mazan ƙauyen ya sa suka sare shi da gaturansu, wuni biyu suna yi. Ya ce gadoji biyu suka rage a gaba, ta wajen Guci.

Gardinmu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na tambaye ka, mai magani. Jan nan ai har gatarin bariki yake hanawa. Na zaci tafinta ya gaya maka."

Na hau tudun ni kaɗai. Mata na zaune cikin rassan da suka rage suna feƙe ɓawo da wuƙaƙe, an shanya shi a tabarmi ya yi ja kamar nama. Tsohuwar na wajen kututturen. Faɗinsa ya isa mutum ya yi salla a kai, kuma ta kwaɓa laka ta lulluɓe shi duka, tana shafe gefen ƙarshe da tafin hannu. Ta ce ita dai ba ta san wani abin da ake yi wa itace ba in an ji masa rauni. Ta yi mini sannu da dawowa, ta tambayi gajiya, kamar ba abin da ya faru.

"Inna, bakina ne ya jawo wannan."

"Ni na roƙe ka, Malam. Jan nan kuwa damina biyu ta isa ta wanke shi, gardi ma ba a nan zai zauna ba. Mu duka ba wanda ya tuna."

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na tambaye ta ɓawon da suke tarawa zai kai yaushe. Ta ce bana da baɗi in an yi tattali, bayan nan ƙarfinsa ya tafi, ni ma na sani. Ta zaɓo guda mai kauri ta sa mini a hannu ta ce in kai wa Nasarana ya gani.

Muka kama hanyar gida. Mun bi ta ƙauyen dattijon mai shanu, gawonsa na nan da jansa da ganyensa, shanun kuwa biyu na gani. Ranar Asabar da azahar muka shigo Magariya, aka wuce da mu biro kai tsaye. Na jera sassaƙena a kan tebur, Nasaran ya fito da nasa ɓawon ya ajiye a gefe, yana ɗauka yana sunsuna yana rubutawa. Da ya zo kan madaci ya lasa, ya yamutsa fuska, sannan ya yi murna ƙwarai. Tafinta ya ce wannan ne ya fi so a tsare, yana tambaya a ina yake, nawa ne.

Na ce, "Ka gaya masa ɗaya ne, kuma motar gyaɗa za ta bi ta kansa."

Tafinta ya dube ni, ya juya ya faɗi kalma uku ko huɗu. Nasaran ya gyaɗa kai yana murmushi, ya rubuta. Ban san abin da ya rubuta ba. Aka sallame mu, mai jaki ya ja abinsa ya tafi ko ban kwana bai yi mini ba.

Na iso gida na tarar da iyali lafiya, alhamdu lillahi. Abin da tafiyar ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Shekara talatin ina alfahari da cewa ko an rufe mini ido zan faɗi sunan itace daga ɓawonsa, amma ban iya buɗe baki na tambayi tafinta ragowar magana ɗaya ba. Mun saba ɓoye abinmu har mun daina tsayawa mu duba ko me muke ɓoye wa, kuma da wannan sabon muka miƙa madacin ga gatari, ni da tsohuwar da ta fi kowa son sa. Akwai kuma waɗanda na sauya wa suna a wajen Guci, ban san nawa ne ke tsaye a yau ba.

Ku da kuke tambayar sassaƙen madaci, ku daina wahalar zuwa, ba ni da shi, ban kuma san inda zan tura ku ba. Jiya da la'asar hadari ya fara haɗuwa ta gabas.